Madubai Goma Sha Biyu da Na Bari a Matankari

Rakiya, ke kika sa na ɗauki alƙalami, ko da yake ba ke kaɗai nake rubuta wa ba, har da ƙannenki da duk wanda ya buɗe baki ya yi dariya a ranar. Ranar sunan ɗanki ce. Wayar mijinki ta faɗa cikin kwanon miya, ƙanwarki Balkisa ta zaro ta za ta dirje ta da soso, sai na jiyo muryarki daga bakin murhu kina ce mata kada ta yi muku wankin Inna. Tsakar gida ta ɗauki shewa, har da matan maƙwabta da ba su san wace Innar ake nufi ba. Ina zaune a gindin itacen bedi da kwanon fura a hannuna. Na ajiye furar na shige ɗaki, kuka ce tansiyon tsoho ce ta tashi, wato hawan jini. Ba tansiyo ba ce, haushi ne, kuma har yau bai sauka ba. A cikin gidana, daga bakin 'ya'yana, sunan matar da ta goya ni ya zama abin da ake kiran ɓarna da shi. Na san inda kuka samo maganar, wajen baffanku Nomau kuka ji ta. Tunda shi ya faɗi tasa shekara da shekaru ni ina shiru, yau ku zauna ku ji tawa.

Inna Kuluwa ƙanwar mahaifiyata ce. Uwata ta rasu ina rarrafe, ita ta ɗauke ni ta haɗa ni da ɗanta Nomau, wanda ya girme ni da shekara huɗu, ta raine mu a ɗaki ɗaya a Matankari. Ba ta yi lakwal ba, ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba. Sana'arta kaɗi, kullum mazari yana cikin lefenta, kuma abawarta ba ta kwana biyu a kasuwa. Amma abin da aka fi saninta da shi a garin shi ne riƙon ajiya. Mai tafiya cin rani, mai zuwa Makka, matar da ta yi yaji, kowa ɗakin Inna yake kawo kayansa. Tana da ƙa'ida guda wadda ta gada daga tata uwar: abin da aka ba ka ajiya ba ya komawa yadda ya zo, sai ya fi. In akuya ce ta koma da ƙiba. In ƙwarya ce mai tsaguwa ta koma a ɗinke. In tasa ce, to ana gobe mai ita zai zo sai Inna ta zauna da toka da tsamiya ta dirje ta har mutum ya ga haƙoransa a ciki. A wajenta mayar da kaya da datti zagin mai kaya ne. Duk garin an san haka. Ni ma na san haka, a gindinta na tashi, ni nake ɗebo mata tokar. Ku riƙe wannan, don a nan laifina yake.

Ba zan jera muku makarantun da na yi ba, takardun suna cikin akwati ga mai son gani. Abin da ya shafi labarin nan shi ne, a shekarar da nake magana ina aiki a wani labo a ƙasar Turai, ɗakin bincike ke nan, ƙarƙashin wani dattijo da za mu kira Farfesa kawai. Aikinmu maganaɗisu ne, amma ba irin dunƙulen da yara suke jan ƙusa da shi ba. Muna da wata tukunyar ƙarfe babba da ake zuƙe iskar cikinta ƙaf, a cikinta muke shafa wa wasu 'yan faranti ƙarfe. Farantan na silikon ne, baƙaƙe masu sheƙi, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba, in ka gan su sai ka ce gutsattsarin madubi. Shafin ƙarfen da muke yi musu kuwa siriri ne ƙwarai, in ka tara dubu a kan juna ba su kai kaurin gashin kai ba. A cikin wannan shafin akwai wasu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, kowanne yana juyi a kan kansa, kowanne ɗan maganaɗisu ne. In muka bugo su da wani irin igiyar rediyo sai su yi ta layi, wato tangaɗi, kafin su koma su tsaya. Tsawon layin nan da yadda yake mutuwa, shi nake aunawa tun safe har yamma. Kada ku raina, irin wannan shafin ne yake riƙe bayanai a cikin na'urori da yawa da kuke taɓawa kullum.

Wata rana na kawo shawara a taron labo. Na ce duk awon da muke yi a ɗaki mai sanyi muke yinsa, alhali na'urorin nan har ƙasarmu ake kai su, inda rana take gasa ƙarfe, damina kuma ta zo ta jiƙa shi. Me zai hana in auna faranti goma sha biyu, in kai su Arewa su sha bazara su sha damina a cikin ɗakin ƙasa, in dawo da su in sake aunawa, mu ga yadda tsatsa ta canza layin? Farfesa ya tuɓe tabarau ya dube ni.

"Tunanin yana da kyau," ya ce. "Amma ka tabbata awaki ba za su cinye mana samfurin ba?"

Aka yi dariya, ni ma na yi, Allah ya yafe mini. Na ce masa akwai matar da in aka ba ta ajiya ko ƙuda ba ya sauka a kai. Ya sa hannu. Wata biyar na yi ina shafawa ina aunawa, in zubar in sake, kafin na samu goma sha biyu da na yarda da su. Kada in ci amanarsa, mutumin nan ya san aikinsa, kuma shi ya koya mini cewa abin da na'ura ta nuna shi ake rubutawa, ba abin da rai yake so ba. Wannan ne ma ya sa abin da ya biyo baya ya fi yi mini ciwo.

Na iso Matankari cikin bazara, lokacin da ruwan randa ma ɗumi gare shi. Na jera madubaina a cikin wani ɗan akwatin katako mai murfin raga, don iska ta riƙa shiga, na ɗora shi a kan katangar cikin ɗakin Inna, sama da jeren tasoshinta. Matar Nomau ta leƙo ta ce ko kayan aljana doguwa ne na kawo daga Turai, Inna ta kore ta. Da muka rage mu biyu ta matso ta ƙura wa akwatin ido.

"Bawa, mi na na cikin akwatin ga?"

"Aikin lakwal na, Inna."

"Na ji aikin lakwal na. Mi aka yi da su?"

"Abin da wuyar bayani, Inna. Ke dai kada kowa shi taɓa. Bayan an yanke hatsi ni ka zowa in ɗauka."

"To," ta ce. "Ajiya ta ke nan."

"Ajiya ta."

"In Allah ya so sai ka iske su hiye da yadda kab bas su."

Ta faɗa da bakinta, a gabana, da Hausar da aka haife ni a cikinta. Na ji, na yi murmushi, na ce Allah ya sa. Har hoto na ɗauke ta tana riƙe da akwatin a ƙofar ɗaki, ta gyara kallabi tana dariya. Ni a lokacin kaina ya cika da lissafi, kuma a raina na riga na yanke cewa tsohuwa ba ta da abin yi da bayani, nata tsaro ne. Na ce kada kowa ya taɓa, ban tsaya na tuna cewa a ɗakin Inna ita ba ta cikin kowa ba, ita ce mai ajiya.

Bayan kaka na dawo. Na aiko da saƙo tun daga Yamai cewa ga ni nan tafe ranar kaza, wannan saƙon ma da ban aiko shi ba da labarin ya bambanta. Na sauka a tashar Dogon Dutsi, na hau motar kasuwa zuwa Matankari, na iso da hantsi. Aka kawo ruwa, aka kawo fura, aka yi gaisuwa har ta ƙare aka sake sabuwa. Sannan Inna ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da faifai a hannu biyu, ta rufe shi da farin ƙyalle. Ta durƙusa a gabana, ita da ta goya ni, ta yaye ƙyallen. Ga madubaina a jere suna walƙiya a rana, fes, har suna kashe ido.

"Wallahi sun ba ni wuya," ta ce. "Tun tsakad damana nig ga sun hwara yin ja-ja, kamar tsatsa. Kullum in na ɗaga kai sai gabana shi hwaɗi, in ce yaron ga zai ce na yi sake da kayanai. Jiya tun da sahe niz zamna da toka da tsamiya. Da ƙyar sunka hita. Duba ka gani, ko sabbi ba su hi su ba."

Na ɗauki ɗaya na juya shi a rana. Babu komai a kai sai silikon tsirara da sawun toka. Jan nan da ta ce ya ba ta wuya, shi ne abin da na ƙetare ƙasashe na zo ɗauka. Ta dirje shi, ta dirje shafin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, wata biyar na aikina da wata bakwai na jira sun bi ruwan wanki sun shige bayan ɗaki. Na dubi hannunta, yatsunta biyu a ɗaure da tsumma, gefen farantan ya yanke ta. Tana kallon fuskata tana jiran yabo.

"Na gode, Inna," na ce. "Sun yi kyau."

"Ai na san ka ka jin daɗi."

Na juye su cikin akwati ban ko ƙirga ba. A lokacin na ɗauka kirki na yi da na rufa mata. Yanzu na san shirun nan na biyu ya fi na farko muni.

Da na koma labo na tarar goma sha ɗaya ne. Na ce a raina wajen 'yan duwan, masu binciken kaya a kan iyaka, ɗaya ta faɗi, tunda sun buɗe akwatin sun yamutsa, kuma me ɗaya za ta ƙara a kan wanda ya rasa duka? Na sa su a na'ura ɗaya bayan ɗaya don dai in cika ƙa'ida. Allon ya nuna miƙaƙƙen layi, ko motsi babu. Na rubuta hakan a littafin labo, na tafi ofishin Farfesa na rufe ƙofa na faɗa masa gaskiya tun daga farko har ƙarshe, har da al'adar ajiya, don ya gane cewa ba wauta ba ce, girmamawa ce. Ya yi dariya har ya share hawaye. Da ya gama sai ya ce abin ba na damuwa ba ne, akwai sauran faranti a aljihun tebur irin waɗancan. A sa su a tanda ta labo, a ba su zafi da tururi na 'yan makonni, a auna.

"Sai mu rubuta cewa sun zauna a yanayin Sahel," ya ce. "Ba ƙarya ba ce. Yanayin muka kwaikwaya."

Na ce masa duk wanda ya karanta zai ɗauka a Nijar suka zauna, kuma shi ma ya san haka. In tanda ce a rubuta tanda, in sa hannu yanzu. Ya ce wa zai karanta takarda a kan tanda, an yi irinta ba adadi, abin da zai ja ido shi ne ɗakin ƙasa. Na ce to ban da sunana. Ya mayar da tabaransa ya ce in je in yi tunani, na ce na riga na yi. Daga ranar gaisuwarmu ta ragu, lokacina a kan na'ura ma ya fara raguwa. Duk wannan da na haɗiye, ba shi ne ya kawo ni gida ba.

Abin da ya kawo ni gida babban taron masana maganaɗisu ne da aka yi bayan wasu watanni. Zaure ya cika maƙil, Farfesa ne zai yi jawabi a kan aikin labo ɗinmu, ni ina zaune a layi na uku. Ya hau, ya gaisa, ya ce kafin ya shiga lissafi bari ya nuna mana sabuwar hanyar tsabtace samfuri da aka gano a Afirka. Ya danna maɓalli. Sai ga Inna Kuluwa a jikin bango, ta kai tsawon mutum uku, da kallabinta da dariyarta da akwatina a hannu. Hoton da na sa a rahotona na farko ya ciro. Ya ba da labarin toka da tsamiya yana kwaikwayon dirza da hannu. Zauren ya rushe da dariya, wani na kusa da ni har yana buga cinya. Rakiya, irin dariyar da kuka yi ranar suna ce, ba ta da bambanci ko kaɗan, sai dai su ba su ci tuwon hannunta ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Da harshensu na yi magana, kuma murya ta fita sosai.

"Matar nan uwata ce. Ta tambaye ni abin da ke cikin akwatin, ni ne ban faɗa mata ba. In akwai wanda ya yi wauta a aikin nan, ga shi a tsaye a gabanku. Ka cire hoton."

Farfesa ya ce wasa ne, in zauna. Na ce ba zan zauna ba sai ya cire. Ya cire. Da na tsaya a nan wataƙila da an shirya daga baya, amma jinin Arewa ya riga ya hau kai. Na ƙara da cewa ita dai abin da ta yi a fili ta yi shi, ta kawo a kan faifai, ba ta gasa abu a tanda ta ce rana ce ta gasa shi ba. Mutum biyu ko uku ne suka gane inda na dosa, shi kuwa ya gane sarai. Da kwantiragina ya ƙare ba a sabunta ba. Na nemi wasu wurare, amma duniyar masu wannan aiki ƙarama ce, kowa sai ya tambayi Farfesa, shi kuma ba ya zagina, cewa kawai yake yaro ne mai ƙwazo amma da wuyar zama. Na tattara littattafaina na dawo, aka ba ni aji a lise, babbar sakandare ta Dogon Dutsi, na zama Mushe Bawa, wato Malam Bawa, mai koyar da kimiyyar fizik da alli da allo. Ban sake ganin irin tukunyar nan da idona ba.

A garin nan an yi ta faɗin abin da aka ga dama. Wasu sun ce karatun ne ya fi ƙarfina, wasu sun ce sammu aka yi mini. Ban kula ba. Mutum ɗaya na faɗa wa gaskiya, shi ne Nomau, don yayana ne, nono ɗaya muka sha. Na roƙe shi don Allah don Annabi kada maganar ta kai kunnen tsohuwa, ya dafa ƙirji. Kafin kasuwa ta zagayo duk Matankari ta ji. Shi abin da ya dame shi, ya riga ya gama gina gidan siminti a ransa da aikina na Turai. Ya tsaya a tsakar gida, a gaban matarsa da maƙwabta, ya ce wa uwar da ta haife shi:

"Ke kil lalata mishi aiki da tokakki. Da kin bar hannunki wuri guda, da yanzu mu duka mun huta."

Matan unguwa suka ɗauka. In yarinya ta fasa tulu, wankin Inna. In tela ya ɓata ɗinki, wankin Inna. Ita kuwa ta shiga ɗaki ta fara tattara ajiyar mutane. Cikin kwana uku ta aika wa kowa da kayansa, har da tasoshin wata da take Makka, ta sa aka kai gidan 'yan'uwanta. Ɗakin da tun ina yaro ba ka samun wurin sa ƙafa ya koma fayau. Wanda duk ya sake kawo ajiya sai ta ce ya kai gaba. In na je gaishe ta, ko hulata na ajiye a kan tabarma ba ta ɗagawa, sai ta kira wani ya matsar. Na yi fushi da Nomau shekara guda ba ma magana, amma ita ban taɓa zaunar da ita na yi mata bayani ba. Kullum ina cewa ai tayar da maganar zai fama mata ciwo.

Sai bayan shekara biyu ta ji gaskiyar, kuma ba ta bakina ba. Uwarku Hajara ce, lokacin tana amarya, ta je Matankari ta kwana biyu. Suna hira ta ce wa Inna ai shi jan nan da ya fito a kan madubai, shi Mushe yake nema. Duk tsawon lokacin nan ita Inna ta ɗauka kurje su ta yi da toka, ƙarfin hannu ne ya yi yawa. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa dattin ne aikin. Washegari da azahar na dawo daga lise na tarar da ita zaune a gindin bedin nan, da lefenta a gefe, ita da ba ta son mota. Ko ruwa ba ta sha ba. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da ɗan dunƙulen auduga, ta buɗe. Madubi na goma sha biyu ne, ja-ja da tsatsarsa, kusurwa ɗaya a ɓalle.

"Wagga ban wanke ta ba," ta ce. "Ita nih hwara ɗauka, tak kuɓuce mani, bakinta yaf ɓalle. Tun da nike ajiya ba ta taɓa hwashewa hannuna ba. Kunya ta kama ni, niɓ ɓoye ta ƙarƙashin tasa. Na ci amanakka, Bawa, ka yahe mani. Amshi ka kai musu, su maishe ka aikinka."

Wato a wajenta babban laifin ba wankin ba ne, ɓoyon ne, kuma shi take ɗauke da shi duk shekarun nan. Da ranar faifai na buɗe baki na faɗi gaskiya, da ta shiga ɗaki ta fito mini da shi a take, da na koma da abin aunawa ko da guda ne. Na ce mata lokaci ya wuce, ɗaya ba ta isa ba, kuma ƙofar can ta rufe. Wannan karon ban yi mata ƙarya ba. Ta ɗago ta ce:

"To hwaɗa mani. Mi aka yi da su?"

Tambayar da ta yi mini tun ranar farko ce. Na rasa ta inda zan fara, sai idona ya faɗa kan lefenta. Na ce ta ba ni mazari. Ta ce in bari kada in karya mata, ta ciro shi da kanta, ta shafa alli a yatsu, ta murza shi a cikin ɗan ƙoƙonta. Ya yi layi, ya yi layi, sannan ya miƙe ya tsaya cak yana juyi. Na ce mata a cikin shafin ƙarfen nan akwai mazarai ƙanana da ba su ƙirguwa, in an taɓa su layi suke yi kamar wannan kafin su miƙe, aikina shi ne in auna tsawon layin. Ban kai ga sauran ba ta karɓe.

"Ai sabon mazari layinai daban, wanda tsininai ya ci layinai daban. Ni da kunne ma ni ka ganewa." Ta tsayar da mazarin da tafin hannu. "Kai so kaka yi ka ji yadda layin nasu yas sake bayan sun sha damana."

"Shi ke nan, Inna. Shi na aikin duka."

"Ni kuwa niw wanke damanar."

"E."

Ɗalibaina na ajin ƙarshe sai in yi mako biyu ina fama kafin su kai inda ta kai kafin ruwan da aka kawo mata ya huce. Ta mayar da mazarin cikin lefe, ta dube ni, ba da faɗa ba, da ma faɗan ta yi.

"To, Bawa, mi yah hana ka hwaɗa mani hakanga tun ranar?"

Ina da amsa, amma ba ta faɗuwa. Na ɗauka ba za ta gane ba. Na tsaya a gaban zaure cike da Turawa na yi wa Farfesa tsawa don ya raina ta, na rasa aikina ina jin kaina namiji, alhali ni na fara raina ta, a cikin ɗakinta, tana tambayata. Shi bai san ta ba. Ni a bayanta na yi barci.

Da za ta tafi na naɗe madubin a cikin audugarsa na miƙa mata, na ce ta ajiye mini, ba ni da wanda na yarda da shi kamarta. Ta ɓoye hannayenta a cikin mayafi.

"A'a," ta ce. "Ni na bar riƙon kayan mutane."

Na raka ta tasha, na sa ta a mota. Ta yi shekara tara bayan wannan, na roƙe ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, har ta koma ga Allah ba ta sake karɓar ko allura ta wani ba.

Madubin yana cikin tasarta a saman kabad ɗina, wanda kuke tambaya me tsoho yake ɓoyewa. In na mutu kada wanda ya wanke shi, kun ga yanzu na faɗa, na kuma faɗi dalili. Baffanku Nomau ya tsufa, ba na so ku je ku tsare shi da magana, tsakaninmu ne. Amma a gidan nan an gama kiran sunan Inna Kuluwa a kan ɓarna. In abu ya lalace a hannun wani don wanda ya sani ya ƙi buɗe baki, kuma lalle sai kun sa masa suna kun yi dariya, ku ce shirun Baba. Ina raye, ina gindin bedi, zan ji, kuma zan amsa.